Takardar Rijiya Ma Tarihi Ce

Ina yaro a Kwaya na ga masu haƙa foraj suna ɗibar ƙasar da injin ya tofo, mita bayan mita, suna jera ta tsibi-tsibi: farin yashi, yumɓu, tsakuwa. Mu yara mun ɗauka wasa ne. Sai da na je makarantar horon malamai na gane cikin ƙasa suke karantawa.

Aikin ya daɗe. A 1963 Nijar ta kafa OFEDES domin gina rijiyoyi. Masana irin su Jacques Greigert na hukumar BRGM ta Faransa sun yi shekaru suna tattara bayanai, har aka fitar da littafin taswirar ruwan ƙarƙashin ƙasar Nijar a ƙarshen shekarun 1970. Daga 1981 zuwa 1990, shekaru goman ruwan sha na Majalisar Ɗinkin Duniya, foraj ya yawaita a karkara. Ma'aikatar ruwa tana ba rijiya lamba, a rubuta zurfinta da inda aka tarar da ruwa. Irin wannan rubutu ne ke bayyana abin da ya sa ruwa ke kusa a yashin Korama, alhali Damagaram, da ke zaune kan dutse, tana shan wuya.

Bara famfon makarantarmu ya tsaya. Mai gyara ya tambayi zurfin ramin, muka duba, ashe gara ta cinye takardar. Wata biyu yara suna ɗauko ruwa daga gida.

Malamai da iyaye, ku nemi kwafin takardar rijiyarku, ku adana ta tare da rajistar ɗalibai.