Shanyewar Ɓarin Jiki: Alamominta da Abin da Ya Wajaba a Yi Cikin Gaggawa

Shanyewar ɓarin jiki cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganin alamunta. Tana aukuwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai saboda gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma saboda jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Sashen da ya rasa jini yakan soma mutuwa cikin 'yan mintoci, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Wannan ne ya sa sa'o'in farko suka fi kowane lokaci muhimmanci.

Babban musabbabinta a ƙasarmu shi ne hawan jini. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne ke kan gaba da nisa. Ciwon suga, shan taba, yawan gishiri da kitse a jini suna ƙara haɗarin. Yaran da ke fama da sikila su ma tana kama su, don haka ba cutar tsofaffi kaɗai ba ce.

Alamominta

Abin da ya bambanta wannan cuta shi ne zuwanta farat ɗaya. Mutum na cikin aikinsa a fadama, ko yana alwala, ko ya tashi daga barci, sai a ga bakinsa ya karkace gefe guda. Idan an ce ya yi murmushi, ɓari ɗaya ne zai motsa. Idan an ce ya ɗaga hannuwansa biyu, ɗaya zai sauko ko ya ƙi ɗaguwa. Harshensa zai yi nauyi, maganarsa ta harɗe, ko ya kasa fahimtar abin da ake faɗa masa. Wasu kan rasa gani da ido ɗaya, wasu jiri ya ɗebe su su riƙa tangaɗi, wasu kuma ciwon kai mai tsanani irin wanda ba su taɓa ji ba ya sauko musu. Alama ɗaya ta isa, ba sai sun taru ba.

Akwai wadda takan zo ta wuce cikin mintoci, mutum ya ga ya warware ya ce gajiya ce. Wannan gargaɗi ne, domin babbar takan biyo baya cikin kwanaki kaɗan. A je asibiti a ranar.

Abin da za a yi

Da farko a duba agogo ko waya, a riƙe lokacin da abin ya fara, ko lokacin ƙarshe da aka ga mutumin lafiya lau. Likita zai tambaya, domin maganin da ke narkar da gudan jini ana ba da shi ne cikin sa'o'i huɗu da rabi da farawar cutar, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT an tabbatar ba fashewar jijiya ba ce.

A kwantar da majinyaci bisa gefensa, a sassauta masa tufafi. Kada a ba shi komai ta baki, ruwa ne, kunu, fura, jiƙo ko rubutu. Cutar kan raunana haɗiya, abin da aka ɗura masa ya bi ta maƙogwaro ya shiga huhu, kuma mutane da yawa ta wannan hanya suke rasa rayukansu bayan sun tsira daga bugun farko. Kada a ba shi asfirin ko ƙwayar hawan jini ta wani. Idan jijiya ce ta fashe, asfirin zai ƙara zubar jinin. Ƙaho da tsaga da turare ba sa buɗe jijiyar da ta toshe, lokaci kawai suke ci.

Sanannen abu ne a ƙauyukanmu akan danganta karkacewar baki da iska ko sammu, a kira mai magani, sai an kwana biyu ko uku a tuna da asibiti. Babu wanda ya hana addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

A nufi babban asibitin da ya fi kusa, na Wurno, na Rabah ko na Goronyo. A nan za a auna jini da suga, domin faɗuwar suga takan yi kama da wannan cuta kuma ana gyara ta nan take. Idan an tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ke birnin Sakkwato, a wuce ba tare da komawa gida shawara ba. A tafi da duk magungunan da yake sha, tare da wanda ya ga yadda abin ya faru.

Nauyin da ke kan shugabanni

Ga mutumin Achida da ke bakin titi, samun mota ba wuya. Ga na ƙauyukan Gandi ko na tsallaken gulbin Rima, musamman da damina ko da dare da tafiya ke da haɗari, neman abin hawa kaɗai kan cinye yini. Ya dace hakimai da masu unguwanni da kansiloli su daidaita tun da wuri da direbobin yankinsu, a san wanda za a kira, lambarsa ta kasance a hannun liman da mai unguwa, a kuma ajiye ɗan kuɗin mai don irin wannan rana.

Ana kuma kira ga duk baligi, musamman wanda ya kai shekara 40, da ya riƙa auna jininsa a asibitin shan magani mafi kusa. Awon da ya kai 140/90 ko ya haura a lokuta daban-daban yana bukatar ganin ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi, domin hawan jini yawanci ba ya nuna wata alama.