Firifomis: Tarihin Wata Ƙaramar Tsoka a Ƙugu

Firifomis tsoka ce ƙarama da ke kwance can cikin mazaunai, a ƙarƙashin babbar tsokar ɗuwawu. Kowane mutum yana da guda biyu, dama da hagu. Tana tasowa ne daga fuskar ciki ta faffaɗan ƙashin nan da ke gindin ƙashin baya, daga gaɓarsa ta biyu zuwa ta huɗu, sai ta fita daga cikin ƙugu ta wata babbar kafa, ta je ta kama kan ƙashin cinya, daidai tudun da mutum yake taɓawa a gefen kwatangwalonsa. Siffarta kamar ɗan goran duma, gindi da faɗi, wuya siriri. Idan ƙafa tana miƙe, aikinta juya cinya waje. Idan an durƙusa ko an zauna, tana taimakawa wajen buɗe cinya. Abin da ya sa likitoci suka damu da ita shi ne maƙwabciyarta: jijiyar sayatika, wadda ta fi kowace jijiyar laka kauri a jikin ɗan Adam, ta wannan kafar take fitowa, ta goga ƙasan tsokar, sannan ta gangara bayan cinya har tafin ƙafa.

Ciwon wannan jijiya an san shi tun kafin a san tsokar. Littattafan likitancin Larabawa sun kira shi irƙun nasa, kuma Ibn Sina ya yi bayaninsa a cikin Alƙanun, wanda ya kammala a 1025. Sai dai yawancin ilimin tsokoki na wancan zamani daga Jalinus aka gaje shi, likitan Girka na ƙarni na biyu, wanda birai da aladu ya fi feɗewa. A 1543 Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua ta Italiya, ya fitar da littafinsa da ya gina kan gawar mutum, ya gyara kurakurai da yawa, amma lamba ya riƙa ba tsokokin cinya maimakon suna. Wani magajinsa a Padua, Adriaan van den Spiegel, haifaffen Brussels a 1578, shi ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi yau, saboda kamarta da wani ɗan itacen Turai. Ya rasu a 1625, littafinsa ya fito a 1627. Daga nan tsokar ta shafe shekara ɗari uku ba wanda ya zarge ta da komai. Ko Domenico Cotugno na Naples, da ya rubuta shahararren bayani kan ciwon sayatika a 1764, jijiyar ya sa wa ido.

Labari ya canza a ƙarni na ashirin. A 1928 wani likitan Ingila, Yeoman, ya danganta ciwon da kumburin mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, inda tsokar take manne. A 1934 Freiberg da Vinke a Amurka suka ƙarfafa zargin cewa tsokar ce ke matse jijiyar. Amma a wannan shekarar dai Mixter da Barr na Boston suka nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana iya ɓullowa ya danne tushen jijiya, kuma ana iya cire shi da tiyata. Wannan bayani ya rinjayi kowa, kuma da hujja, domin shi ne sanadin mafi yawan ciwon da ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa. Duk da haka maganar tsokar ba ta mutu ba. A 1937 Beaton da Anson suka feɗe gawarwaki a Chicago, suka tsara hanyoyi shida da jijiyar za ta iya bi. A fiye da kashi 80 cikin 100 na mutane tana wucewa ta ƙasan tsokar. A sauran, wani reshe nata kan huda ta ko ya bi ta samanta. A 1947 Daniel Robinson ya ba ciwon suna da sunan tsokar. Har yau likitoci ba su gama yarda ba: wani nazari na 2010 ya nuna cewa wannan bambancin halitta bai fi yawa a masu ciwon ba, shi ya sa wasu suka fi son su ce matsewar jijiya ce a cikin mazaunai, ba tare da ɗora wa tsoka guda laifi ba.

A Gaya da Ajingi, inda damina ke nufin wuni a sunkuye da fartanya, rani kuma doguwar tafiya kan babur zuwa kasuwar Wudil, mai irin wannan ciwo yakan ce kwankwasonsa ne ya riƙe, ko wata jijiya ce ke jan sa har sha-raɓa. Alamar da ke karkata ga tsokar ita ce zafi a tsakiyar ɗuwawu ɗaya, mai tsananta da dogon zama, har a ga mutum ya karkace ya zauna kan ɓari guda. Da yawa wurin wanzami suke farawa, ya kafa ƙaho ya tsaga ya ja jini. Ƙaho kan iya sassauta ciwon fata da naman sama, amma ba ya isa zurfin da tsokar take. Abin da masu gashin ƙashi suke koyarwa, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a 1959, ya fi sauƙi: a kwanta rigingine, a ɗora idon sawun ƙafar da ke ciwo kan ɗaya gwiwar, a jawo ɗaya cinyar zuwa ƙirji a hankali. Wanda kuwa ƙafarsa ta fara rauni, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba maganar tsoka ba ce, asibiti ya kamata a kai shi a ranar.

Inda wannan taswira ta jiki ta fi amfani a ƙasarmu, a ganina, shi ne wajen allura. Jijiyar tana fitowa daga ƙasan tsokar kusa da tsakiyar ɗuwawu, shi ya sa ake koya wa ma'aikatan lafiya su raba shi gida huɗu, su soka a kashin sama na waje kawai. Yaron da zazzaɓi ya ramar ba shi da naman da zai kare jijiyar. Idan wanda bai koyi aikin ba ya soka a tsakiya, yaron kan ƙwalla ƙara nan take, bayan kwana biyu a ga yana jan ƙafa, tafinta ya ƙi ɗaguwa, iyaye su ɗauka shan inna ne. Wasu yaran suna murmurewa da gashin ƙashi cikin watanni, wasu kuma da gurguntar suke girma. Saboda wannan haɗari ne ake yi wa jarirai allurar rigakafi a gefen cinya ta gaba, nesa da tsokar da jijiyar gaba ɗaya.