Kan Batir: Tarihin Inda Wutar Babbar Mota Ke Zurarewa

Kafin shekarar 1912, mai son tayar da mota sai ya tsaya a gabanta, ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a hancin injin, ya wana shi da ƙarfin damtse. In injin ya yi tutsu ya juyo baya, ƙarfen kan karya hannu. A wannan shekara ce kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai sitata, ƙirar Charles Kettering. Batirin da sitatar ta dogara da shi kuwa ya girme ta da fiye da shekara 50, domin tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya haɗa shi da farantan darma cikin ruwan asid.

Daga nan aikin damtse ya koma kan waya, matsalar kuma ta sake kama: ta yaya wuta mai ɗimbin yawa za ta isa sitata cikin 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ta zurare a hanya ba? Hanyar nan ba wayar kaɗai ba ce. Akwai kan batir, akwai matsi, akwai noti, akwai inda aka ɗaure waya a jikin shasi, kuma kowace mahaɗa tana karɓar nata kason.

Motocin farko volt 6 suke amfani da shi. Da injuna suka girma, sai General Motors ya fara sauyawa zuwa volt 12 a 1953, Ford ya biyo baya a 1956. Dalilin lissafi ne: in aka ninka volt, rabin amfiya ya isa a yi aiki iri ɗaya. Zafin da ke tashi a mahaɗa kuwa, kamar yadda James Joule ya nuna tun a shekarun 1840, yana ninkuwa sau huɗu ne duk lokacin da amfiya ta ninku sau biyu.

Babbar mota ta fi kowa jin wannan a jika. Injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafin da zai kunna mai, don haka juya shi aiki ne ja wur. Masana'antun Turai suka jera batir biyu ɗaya bayan ɗaya suka sami volt 24. Na Amurka suka tsaya a kan 12, suka haɗa batir uku ko huɗu kafaɗa da kafaɗa, suka ƙara wa waya kauri. A ɗauka tsatsa ta haifar da turjiyar kashi biyu cikin dubu na om ɗaya a wata mahaɗa, abin da ido ba zai lura da shi ba. Sitatar da ke jan amfiya 1,000 za ta yi asarar volt 2 a wurin, mahaɗar kuma ta fitar da zafin wat 2,000, ya fi na dutsen guga. A amfiya 500, asarar volt 1 ce, zafin wat 500. A ganina Turawa sun fi dabara a nan, ko da yake tsarinsu na da tarko: mai jan volt 12 daga batir ɗaya don rediyo ko cajin waya yana kashe duka biyun ne, ɗaya da yunwa, ɗaya da cajin da ya wuce kima.

Duka tsarin biyu suna yawo a titunan Najeriya, Mack na Amurka a gefen DAF da MAN da Mercedes, don haka mai rewaya a garejin Kano ko Kaduna dole ya fara sanin asalin motar kafin ya taɓa ta.

Sauyi na biyu ya zo ta ɓangaren caji. Dinamo ba ya bayar da abin kirki in inji na tsaye yana sulo. A 1960 Chrysler ya sa altaneta a motarsa Valiant, cikin 'yan shekaru kuma ta kori dinamo. A daidai wannan zamani ne masana'antun Ingila suka daina ɗaure kan mai alamar tarawa a jikin mota, suka koma mai alamar ɗebewa. Shi ya sa a yau shi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe: muddin yana ɗaure, sifana da ta taɓa ɗaya kan da ƙarfen mota lokaci guda ta haɗa wuta ke nan.

Sai dai wata ɗabi'a ta zamanin dinamo ta ƙi mutuwa, wato cire kan batir inji na aiki don a ga ko mota na caji. Dinamo kan jure wannan. Altaneta kuwa batir ne ke shanye mata tashin wuta. In aka raba su ba zato, wutar kan yi tsalle ta ƙona diyod ɗinta, a motocin yanzu har da kwamfutar inji. Sako-sakon kan batir a hanya mai gargada wannan gwajin yake maimaitawa da kansa, rami bayan rami. Mita ta wadatar: wajen volt 14 a tsarin 12, wajen 28 a tsarin 24, a auna a bakin altaneta, a sake aunawa a kan batir. Bambancin da ke tsakanin awon biyu shi ne abin da waya da mahaɗanta suka cinye.