Littafin Asalin Dawaki da Baƙin Mafaza

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu dawakin sukuwa na Ingila sun riƙe wannan magana har suka mai da ita doka. A shekara ta 1791 James Weatherby ya buga littafin asalin dawaki. Daga baya ƙa'ida ta zauna: ba a rubuta duƙushi sai uwarsa da ubansa suna cikin littafin. Ta wajen uba, zuriyar tana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen Larabawa da Turkawa kusan shekara 300 da suka wuce.

A 1913 aka tsananta dokar, aka rufe ƙofa ga dawakin Amurka da yawa, gama takardun kakanninsu sun ɓace a yaƙin basasa. Amma jikokin waɗanda aka ƙi suka yi ta cin manyan tsere, sai aka sassauta a 1949.

Sudan ma tana da dokinta na Dongola, mai dogayen ƙafafu da doron hanci. Ba takarda ta kai jininsa Barno da ƙasar Hausa ba, fatauci ne.

Ta wannan hanya kuma mutane suka bi zuwa gabas. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa a bakin Shuɗin Nilu. Waɗansu Hausawa suka kama noma a bakin Kogin Rahad, a garuruwa irin su Mafaza cikin yankin Gadarif. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 kuwa ta nemi shaida cewa zuriyar mutum tana Sudan tun ƙarshen 1897. Da yawa da aka yanke cibiyarsu a can suka zama baƙi a garin haihuwarsu, sai da dokokin baya suka sauƙaƙa sharaɗin.

Mutum ba doki ba ne, balle a auna shi da takardar kakansa. Asalin Yesu Almasihu da Matiyu ya rubuta yana ɗauke da sunan Rahab ta Yariko da Rut mutuniyar Mowab, dukansu baƙi. Saboda haka duk ikilisiyar da ke buɗe littafin baftisma, kada ta tambayi mai zuwa shekarar da kakansa ya iso gari.