Ɗori, Tausa da Gashi: Tarihin Jinyar Ƙashi a Kawo ta Kaduna

Ɗori yana daga cikin sana'o'in magani na Hausawa waɗanda zuwan asibiti bai kashe su ba. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, ɗorin Bahaushe bai tsaya ga haɗa ƙashi kaɗai ba. Rabin aikin yana zuwa ne bayan an kwance kara, watau tausa da gashi da koya wa gaɓa motsi. Za mu ɗauki Kawo ta Kaduna a matsayin misali.

A shekarar 1917 Turawa suka kammala ɗauke mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Kawo, wadda ke bakin hanyar Zariya da Kano, sai ta zama ƙofar sabon birnin ta arewa, kuma masaukin baƙi. Zazzagawa da Kanawa da Katsinawa suka zo da sana'o'insu na gado, har da wanzanci da ungozomanci da ɗori. Asibitin zamanin farko kuwa na Turawa ne da sojoji da ma'aikata. Asibitin ƙashi na Dala bai samu ba sai a 1959, ga shi kuma a Kano, tafiyar fiye da kilomita 200. Saboda haka ɗan dakon da kaya ya danne a tasha, ko yaron da ya faɗo daga kan mangwaro, wurin maɗori ake kai shi.

Maɗori yakan fara da lalube da yatsu, don ya rarrabe karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe, domin kowanne da irin jinyarsa. In karaya ce, sai mataimaka su riƙe majiyyaci, a ja gaɓar har bakin ƙashi ya sadu, a jera karare ko tsinkaye, a naɗe da tsumma, a yi tofi. Ƙashin yaro yakan kama cikin 'yan makonni, na babba kuwa yakan kai mako 6 zuwa 12. To, a nan ne ake gane gwani. Gaɓar da ta daɗe a ɗaure takan sandare, namanta ya tsotse. Sai a riƙa gasa ta da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, a murza da man shanu ko man kaɗanya, sa'an nan a lanƙwasa a miƙe kaɗan-kaɗan, ba da garaje ba. Mai karayar ƙafa akan fara sa shi ya dafa bango, daga baya a ba shi sanda, har ya taka da kansa. Sau da yawa tsofaffin matan gida ne suke ɗaukar wannan ɗawainiya, shi ya sa, a ganina, ba a cika lasafta ta cikin sana'ar ba.

Irin wannan jinya ta Turawa ta shigo Nijeriya ne a 1945, a asibitin Igbobi na Ikko, kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, da ta iso ƙasar Hausa ba a ari sunanta na Ingilishi ba. Sai jama'a suka kira ta gashi, suka ce wane yana zuwa gashin ƙashi a asibiti. Watau sun gane abinsu ne ya dawo cikin farar riga.

Amma fa ɗori yana da nasa aibi, kuma ɓoye shi ba kishin al'ada ba ne. Raunin zamanin jaki daban, na zamanin mota da babur daban. Ƙashin da ya farfashe, ko ya huda fata, ya fi ƙarfin kara da tsumma. In kuma aka matse ɗauri a kan kumburi, jini yakan yanke, gaɓa ta ruɓe, sai an guntule ta. Taron Alma-Ata na 1978 ya yarda a sa masu maganin gargajiya cikin aikin lafiya, amma da sharaɗin a ba su horo. Nijeriya ta fitar da manufarta a kan haka a 2007. Horon da maɗori ya fi bukata ba mai tsawo ba ne: ya san cewa in yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko ciwo yana ta ƙaruwa bayan ɗauri, to a sassauta nan take, a nufi Babban Asibitin Kawo kafin gari ya waye.