Kwamfuta a ko'ina: asalin wannan fannin bincike da inda ya kwana

"Kwamfuta a ko'ina" suna ne na wani reshe na kimiyyar kwamfuta da ke nazarin yadda za a dasa ƙananan na'urori masu sarrafa bayanai cikin kayan da mutane ke amfani da su yau da kullum, har ta kai mutum na cin moriyarsu ba tare da ya ji cewa kwamfuta yake taɓawa ba. Da Ingilishi ana kiran fannin ubiquitous computing, da Faransanci kuma informatique ubiquitaire. Mitar lantarkin da ake saya wa kati, da agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya, da katin banki mai ɗan guntun ƙarfe a jikinsa, duk suna ɗauke da kwamfuta a ciki, ko da yake babu mai kiransu da wannan suna.

Asalin tunanin

Mutumin da ya raɗa wa fannin suna shi ne Mark Weiser, Ba'amurke masanin kwamfuta da aka haifa a 1952. Ya fito da sunan ne a wajejen 1988, lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya. A watan Satumban 1991 ya wallafa wata maƙala a mujallar Scientific American kan kwamfutar ƙarni na 21, wadda har yau ake ɗauka a matsayin tubalin fannin.

Hujjarsa ita ce, fasahar da ta fi tasiri a rayuwa ita ce wadda ta saje da harkokin jama'a har aka daina lura da ita. Ya ba da misali da rubutu. Yana jikin allunan kan hanya, da kwalin kaya, da ƙofar shago, mutum na karantawa yana wucewa ba tare da ya tsaya tunanin cewa wata fasaha ce ba. Ya kuma kawo misalin injin lantarki: a da masana'anta guda na da babban inji ɗaya da ke juya dukkan kayan aiki, daga baya injinan suka ƙanƙance suka yi arha, har mota ɗaya ta ƙunshi fiye da ashirin ba tare da direba ya san adadinsu ba.

Daga nan aka kasa tarihin kwamfuta zamani uku. A na farko, mutane da yawa ke raba babbar kwamfuta ɗaya mai cika ɗaki. A na biyu, kowane mutum na da tasa a kan tebur. A na uku, wanda Weiser ya yi hasashe, mutum ɗaya zai kasance kewaye da kwamfutoci masu yawa da ke yi masa hidima.

Kafin wannan, a ƙasar Japan, Farfesa Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya ƙaddamar da shirin TRON a 1984, da nufin samar da manhajar da za ta tafiyar da ƙananan kwamfutocin da ke cikin kayan gida da motoci. An yi amfani da wani reshe na wannan manhaja a ɗimbin kayan lantarkin da kamfanonin Japan suka ƙera.

Gwaje-gwajen farko

Weiser da abokan aikinsa sun ƙera na'urori kala uku bisa girma. Ƙaramar, mai suna ParcTab, tana shiga tafin hannu. Matsakaiciyar ta kai girman takardar rubutu, an kuma so a riƙa barin irinta a kan tebura kamar yadda ake barin takarda, duk wanda ya zo ya ɗauka ya yi aiki. Babbar kuwa, LiveBoard, kamar allon aji take, mutane da dama na iya rubutu a kanta, har da waɗanda ke wani gari.

A daidai wannan lokaci, a cibiyar binciken kamfanin Olivetti da ke Kambrij a Ingila, Roy Want da Andy Hopper da abokan aikinsu sun ƙirƙiro wani baji da ma'aikaci ke maƙalawa a riga. Duk bayan daƙiƙa 15 bajin na aika sigina da irin hasken da ido ba ya gani, wanda rimot ɗin talabijin ke amfani da shi. Na'urorin da aka kafa a ɗakuna su karɓa, sai a san inda kowa yake, a tura masa kiran waya can. Tun a lokacin aka fara tambaya: idan na'ura ta san inda ma'aikaci yake a kowane lokaci, me zai hana shugabansa sani?

A tsakiyar shekarun 1990, Weiser da John Seely Brown suka ƙara wani ra'ayi da suka kira fasaha mai natsuwa, wato wadda ke sanar da mutum abu ba tare da ta janye hankalinsa gaba ɗaya ba. Misalin da suka bayar shi ne wata igiyar roba mai tsawon ƙafa 8 da Natalie Jeremijenko ta rataya a wani lungu na cibiyar, haɗe da ɗan inji. Idan bayanai na zirga-zirga da yawa a wayoyin sadarwar ofishin, igiyar ta riƙa kaɗawa da ƙarfi. Idan babu cunkoso, sai ta lafa. Mai wucewa na gane halin da ake ciki da wutsiyar ido. Weiser ya rasu a 1999 yana da shekara 46.

Yadda tsarin ke aiki

Galibin irin waɗannan tsare-tsare na da sassa huɗu. Akwai na'urori masu aunawa, da ke gano zafi, ko motsi, ko haske, ko wurin da abu yake. Akwai ƴar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da ke sarrafa abin da aka auna. Akwai hanyar sadarwa, kamar Bluetooth, ko Wi-Fi, ko layin wayar salula. Sai kuma manhajar da ke yanke shawarar abin da za a yi, misali a kunna famfo ko a aika saƙon gargaɗi.

Manyan tambayoyin da masu bincike ke fama da su sun haɗa da yadda na'ura za ta fahimci halin da mai ita yake ciki, ko yana tuƙi, ko yana barci, ko yana taro. Da yadda batir zai daɗe. Da yadda kayan kamfanoni daban-daban za su fahimci juna. Da kuma yadda za a kare sirrin jama'a.

A 1999 Kevin Ashton, wanda ke aiki da kamfanin Procter & Gamble, ya fito da kalmar da ake fassarawa da "intanet na kayayyaki", yana magana kan ƴan tambarin rediyo da ake liƙa wa kaya don bin sawunsu daga masana'anta zuwa shago. A shekarar ce kuma aka yi taron masana na farko a birnin Karlsruhe na Jamus, wanda daga 2001 ya koma taron shekara-shekara mai suna UbiComp. A Turai an fi amfani da sunan da Faransawa ke cewa intelligence ambiante.

Abin da ya faru a zahiri

Hasashen Weiser ya tabbata ta wata fuska, ya kuma kauce ta wata. Kwamfutoci sun yawaita kamar yadda ya faɗa. Amma na'urar da ta mamaye duniya ita ce wayar hannu, wadda kowa ke riƙe da tasa, ba mai barin ta a tebur don wani ya ɗauka. Batun natsuwa ma bai samu ba, domin manhajoji da yawa an gina su ne don su riƙe hankalin mutum, tunda daga talla suke samun kuɗi.

A 2007 Genevieve Bell da Paul Dourish sun wallafa wata maƙala da ta yi tasiri, inda suka soki ɗabi'ar masu bincike ta ɗaukar fannin a matsayin abin da zai zo gobe. A ganinsu ya riga ya zo, sai dai da faci-faci da katsewar layi da gyare-gyare, kuma kowace al'umma da irin nata salon. Sun kafa hujja da Singafo da Koriya ta Kudu.

A nahiyar Afirka

Wannan fahimta ta dace da abin da ake gani a Afirka, inda miliyoyin mutane suka fara hulɗa da kwamfuta ta hanyar ƙaramar waya mai maɓallai. A 2007 kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a Kenya, tsarin aika kuɗi da ba ya buƙatar intanet ko asusun banki. Irin wannan tsari ya bazu zuwa Ghana da Kamaru da Nijar da Chadi da sauran ƙasashe.

Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da layin salula ke isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa na iya jin farashin wani gari kafin ya ɗora buhu a mota.

A Nijar ɗin dai, Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin ban-ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfon gonarsa mai aiki da hasken rana ta hanyar waya. Aikin ya samu babbar kyautar ruwa ta duniya ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. A Kamaru kuma, injiniya Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, na'urar da ma'aikacin jinya a karkara ke auna zuciyar majiyyaci da ita, ya aika sakamakon ga likitan zuciya a birni ta layin salula.

Matsalolin da ke tattare da shi

Babbar matsalar ita ce, na'urar da mutum ya daina lura da ita tana ci gaba da tattara bayanai a kansa. Wayar hannu na sanar da kamfanin sadarwa yankin da mai ita yake, asusun kuɗin waya kuma na adana tarihin cinikinsa. Ga wanda ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe da layuka biyu ko uku, bayanansa na hannun kamfanoni da dama, ƙarƙashin dokoki mabambanta. Ghana ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2012, Nijar a 2017, Najeriya a 2023. Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka, da aka amince da ita a 2014, ta fara aiki a 2023.

Akwai kuma batun iko. Fitilun hasken rana da ake saya da biya kaɗan-kaɗan, irin waɗanda kamfanin M-KOPA ya yaɗa a gabashin Afirka, sun kai wuta gidajen da ba su da ita. Sai dai na'urar na kulle kanta idan aka yi jinkirin biya, wato kayan na cikin gida amma makullin na hannun kamfani.

Tsaro ma abin dubawa ne. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban kyamarori da na'urorin rarraba intanet waɗanda masu su ba su sauya kalmar sirrin da aka sayar da su da ita ba. An yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka a watan Oktoba. An kuma kai irin wannan hari kan wani kamfanin sadarwa na Laberiya, abin da ya sa wata kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan Birtaniya a 2019.

Daga ƙarshe akwai batun wutar lantarki, da gyara, da harshe. Na'urar da aka tsara bisa zaton cewa wuta ba ta ɗaukewa, ko cewa kowa na karanta Faransanci ko Ingilishi, kan gaza a wurare da yawa. Shi ya sa wani ɓangare na binciken yanzu ya karkata ga na'urori masu cin wuta kaɗan, da waɗanda ke aiki ko babu intanet, da kuma waɗanda ake yi wa magana da baki cikin harsunan gida.