Takunkumin kotu kan masu kutsen kwamfuta

Kulle bayanai fasaha ce da ke mayar da saƙo wasu alamomi da ba mai iya karantawa sai wanda ke riƙe da mabuɗin sirri. A Amurka, kotuna kan gindaya wa mai kutse sharuɗɗa bayan ya fito daga kurkuku, ciki har da hana shi amfani da wannan fasaha sai da izinin jami'in da ke sa masa ido.

Fitaccen misali shi ne Kevin Mitnick. Da aka sake shi a Janairun 2000, an taƙaita masa amfani da kwamfuta da intanet na shekara 3. Hukuma kuma ta riƙe bayanan da ya kulle saboda ya ƙi miƙa mabuɗinsu.

A Najeriya, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta bi wata hanya dabam: alƙali na iya bai wa jami'an tsaro izinin buɗe bayanan da aka kulle, kotu kuma na iya ƙwace na'urar mai laifi.

A yau aiwatar da irin wancan takunkumi na da wuya, domin WhatsApp da manhajojin banki duk da kulle suke aiki. Wanda aka hana shi, kusan an raba shi da ciniki ta waya ke nan.